Idon Bobboyi a Ɗakin Gogo

Makama, Yola
10 ga Nuwamba, 1974

Hamma Bobboyi,

"Ki ce masa kayan ya iso. Kar ki ce masa na gode." Gogo ce a tsaye a kaina, na ɗauki alƙalami ke nan. To ga shi na isar, sai dai ita da Fillanci ta faɗa, kuma ba ta kama sunanka ba. Har gobe "na Kaduna" kake a bakinta. Shekara talatin da takwas da haihuwarka, kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba.

Bayan haka ina gaishe ka, da iyali, da aikin masaƙa. Nan kowa lafiya, ban da gwiwar Gogo da ke tashi da sanyin nan. Bappa Hamman, kawunka, yana nan a zaure yana mulkin gida kamar kullum. Ni ma ina nan, ina kai da komo tsakanin Yola da Jimeta, ina koya wa 'yan mata tarihin mutanen da ba su dame su ba.

Ran Juma'a mutumin da ka aiko ya zo, Apollos, mai gyaran lantarki a gidan gurzar auduga na Jimeta. Ya kafa abin a bangon ɗakin Gogo, saitin murhunta. Wani ƙarfe kamar gwangwanin madara, da ɗan gilashi a goshi, da ƙararrawa irin ta makaranta, da batirin mota a ƙasa. Ya ƙyasta ashana daga bakin ƙofa don gwaji. Ƙararrawar ta kaɗa, kaji suka watse, maƙwabta suka shigo ba sallama. Gogo dai ta gyara mayafinta, ta rufe har goshi.

Yanzu ga tambayata, ta taubashiya, ka amsa ba tare da fushi ba. Shekara huɗu ba ka tako Yola ba. Aikenka ba ya wuce turmin atamfa da salla. Kwatsam sai ga na'ura tun daga Kaduna, har da ma'aikacinta. A satin nan kuma ƙanwarka Adda Baraka ta zo daga Jimeta sau biyu, tana ta yabon ɗakin siminti da ta share a gidanta, wai babu hayaƙi, babu murhu, sai risho. Ni ban karanta injiniya ba, amma na san in abu biyu suka zo tare, galibi hanya ɗaya suka biyo.

Matar nan ita ta riƙe ni tun ina shekara biyar. In shirin ku shi ne a raba ta da ɗakinta da wutarta, ku faɗa mini da baki, ba da ƙararrawa ba.

Taka,
Asta

*

Kaduna
24 ga Nuwamba, 1974

Malama Asta mai digiri,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, yara sun yi mura sun warke. Ki gaishe mini da tsohuwa yadda ya kamata, ki shafa mata man zafi a gwiwa ko ta ƙi.

Na karanta takardarki na yi dariya. Zariya ta koya miki zargi, ba ta koya miki gaisuwa ba. Babu wani shiri. Baraka ce ta rubuto mini cewa a watan jiya bakin zanen tsohuwa ya kama wuta, sai da ta ji zafi a ƙafa kafin ta lura, don idonta ya yi rauni. Ke da kike da ɗaki kusa da ita ba ki faɗa mini ba. Aikina a nan shi ne tsare masaƙa daga gobara. Na ga abin da wuta ke yi wa auduga cikin minti uku. Me kike so in aiko, wata atamfar?

Bari in yi miki bayani, tunda ke ma malama ce. Harshen wuta yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Wannan na'ura shi take nema. Ko ashana ce a ƙarshen ɗaki za ta gan ta kafin ki ƙifta ido. Muna da irinta arba'in a ɗakin ajiyar auduga, aka sauya su da sababbi, na roƙi ɗaya aka ba ni. Akwai wata iri ta gida da Turawa suka fara sakawa a ɗakunan kwanansu, ita hayaƙi take sansana. Na yi tunaninta. Amma kin san rufin ɗakin tsohuwa, baƙi ƙirin da hayaƙin shekara arba'in, ga turaren wuta safe da yamma. Mai sansana hayaƙi ba za ta yi shiru ba ko na awa ɗaya. Shi ya sa na zaɓi mai gani.

Murhun ɗaki shi ne matsalar. In ƙarar ta ishe ta, za ta riƙa girki a tsakar gida kamar kowa. Ɗakin nan dai ba zai sake ganin damina a haka ba, wannan na ƙudura.

Ki riƙa rubuto mini yadda ake ciki, dalla-dalla. Ke ce kike ganin abin da wasu ba sa gani, ko da yake rabinsa ƙirƙira kike yi.

Yayanki,
Bobboyi

*

Makama, Yola
8 ga Disamba, 1974

Hamma,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi, ba don man zafinka ba, don ba ta yarda na shafa ba.

Ka ce dalla-dalla, to ga shi. Na'urarka ta yi ƙara sau ashirin da bakwai. Ba ni na ƙirga ba. Bappa Hamman ne ke jan layi da gawayi a bangon zaure duk sanda ta kaɗa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ce, "Ka ga sau nawa Allah ya tsare mu." Sau ashirin da bakwai ɗin nan babu gobara ko ɗaya. Ashana ce, da kara in ya kama, da aci-balbal. Fitilar ƙwai ba ta dame ta ba, wai gilashin ya tare hasken. Ran Talata wani maƙeri ya zo liƙa ƙofar maƙwabta da wutar walda, nan ma ta kaɗa, nan ma aka ja wa Gogo layi.

Na tsaya wurin Apollos a hanyar dawowa daga makaranta. Ya nuna mini nasu a saman sito, a jere, suna kallon buhunan auduga. Na tambaye shi ko ya taɓa saka irinta a gidan mutum. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malama, a nan wuta ba shi da ɗaki. Ko sigari mutum ya kunna, korarsa za a yi. To abin nan in ya ga wuta, ya san ɓarawo ne. Amma gidan Mama, wuta ɗan gida ne, shi ne yana dafa tuwo. Yaya ƙarfe zai san bambanci?" Na ce to me ya sa ya kafa. Ya ce shi an aike shi ne, kuma ka taɓa yi masa alheri.

Gogo kuwa tana nan kan bakanta. Da safe ta hura karanta, ƙararrawa ta yi ta yi, ita tana ɗumamenta kamar ba da ita ake ba, sai na shiga na zare wayar batir. Har yanzu tana shanya zanenta a igiyar da ta ɗaura bisa murhu. Da la'asar ta tura ƙofa, ta binne dankali biyu a toka dab da ƙafar gado, ta ci ita kaɗai da man shanu, ta lashe yatsu. Ba ta san na sani ba. Shi ne jin daɗin da ya rage mata, kuma ban ga wanda ya cuta ba.

Sai batun jimlarka: "ɗakin nan ba zai sake ganin damina a haka ba." Na karanta ta sau uku. Ran Alhamis sai ga tipa ta sauke bulo a ƙofar gida, direban ya ce saƙon na Kaduna ne. Bulo a waje, layuka a zaure, ɗaki sharerre a Jimeta. In rabin abin da nake gani ƙirƙira ne, gaya mini wane rabin. Bappa ya ce bayan salla za a zauna a kan maganarta. Shaidar da za a kawo kai ka aiko ta, har da batir.

Asta

*

Makama, Yola
5 ga Janairu, 1975

Hamma Bobboyi,

Barka da salla, ko da yake har naman ya ƙare. Ina fata lafiya ce ta hana ka amsa. Sati huɗu ke nan. Na je gidan waya sau uku, har mai rarraba wasiƙu ya fara yi mini kallon mai jiran miji.

Albishirinka: ƙararrawa ta yi shiru. Kwana goma sha bakwai ba ta ce uffan ba. Bappa ya rasa abin yi da gawayinsa. Ka ci nasara, ko?

Ga yadda aka yi. Kwana biyar kafin salla Bappa ya shiga wurin Gogo, suka daɗe. Ban san me ya ce mata ba, ina makaranta. Da na dawo na tarar ta kifa faifai a kan na'urar, ta ɗaure da tsumma, kamar yadda take rufe ƙwaryar nono. Duk da haka ba ta yarda da faifan ba. Ta kwance igiyar shanya. Ta daina cin abinci a ɗakin gaba ɗaya. Ba ta tuɓe ɗankwali a nan, ba ta miƙe ƙafa. Ta koma ƙuryar ciki, inda take ajiye katifun rimi da akwatunan aurenta, can take ci, can take sauya kaya. Kara kuwa ta bar shi. Garwashi take ɗebowa daga madafa a kasko, ta shige da shi ƙurya, ta saki labule.

Na ce, "Gogo, ƙarfe ne fa, wuta kawai yake gani."

Ta ce, "Yana ganina."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Na Kaduna. Ni zan ci abinci a gabansa? Ban yi ba yana yaro, sai yanzu da furfura?"

Na yi dariya, na yi mata bayanin haske da batir, irin wanda ka yi mini. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ke boko ya cika miki kai, babu wurin hankali." Ta rame, Hamma. Adda Baraka ta gan ta da salla ta ce ai ga shi, tsufa ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, tana magana da gwangwani. An sa zaman ƙarshen wata.

Ban san ko haka ka tsara ba. In ka tsara, na sara maka. Da ta yi ƙara shaida ce, da ta yi shiru ma shaida ce. Bulonka na nan, awaki na hawa.

Asta

*

Kaduna
19 ga Janairu, 1975

Asta,

Ina gaisuwa a gaggauce, muna lafiya. An tura ni kwas Legas tun kafin salla, jiya na dawo na tarar da takardarki ta biyar ga wata. Ban ko cire takalmi ba nake rubutu.

Ki fitar da kaskon nan daga ƙurya yau, kar ki jira kowa. Na'urar ba ta ganin garwashi, ko a buɗe take, balle an rufe ta, balle akwai labule tsakani. Harshen wuta kawai ta sani. Audugar rimi kuwa ba ta kamawa da harshe. Cin ciki take yi a hankali, awa ɗaya, awa biyu, sai hayaƙi, kuma hayaƙin ne ke kisa kafin wutar. Wurin da tsohuwa ta koma ya fi inda ta baro haɗari sau goma. A masaƙa muna haɗa mai gani da mai jin zafi da mai gadi mai hanci, ba ma dogara da ɗaya. Na san wannan, kuma duk da haka na aiko ɗaya. Kuskurena ne.

Bulon na ɗaga bango ne a sa rufin kwano maimakon ciyawa, ɗakinta, a inda yake. Ban taɓa cewa a kai ta Jimeta ba. Baraka na so, Kawu na so, ni ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba, wannan ma na amsa.

Abin da ban gane ba shi ne wai ina ganinta. Ni dai kafin tafiyata na rubuta wa Kawu Hamman gajeriyar takarda ya karanta mata, tunda kin san ba zan iya rubuta mata kai tsaye ba. Na ce ta daina shanya zane a igiyar bisa murhu, ta kuma daina gasa dankali a ƙafar gado da la'asar. Abin da kika faɗa mini ne kawai. Ban sa sunanki ba, don kada ta yi miki faɗa.

Ki amsa da wuri.

Bobboyi

*

Makama, Yola
2 ga Fabrairu, 1975

Hamma,

Ina gaishe ka. Gogo tana da rai, ƙalau take sai ɗan tari. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Takardarka ta iso ran Talata. Wutar ta riga ta da kwana uku. Ran Asabar bayan azahar ina duba littattafan ɗalibai a ɗakina, sai na ji wani ƙauri, ba na girki ba, ba na turare ba. Na shiga na tarar da Gogo ta idar da salla, barci ya ɗauke ta a kan buzu, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin labule kamar ruwa. Kaskon ya jingina da katifa. Na ja ta waje, na ƙwala wa mutanen gida kira. Wani ya fizge faifan nan don ya kore hayaƙi. Da muka jawo katifar tsakiyar ɗaki iska ta shige ta, ta tashi da harshe, sai na'urarka ta farka ta kama ƙara. Ba ta yi ƙarya ba, wuta ce. Mun riga mun zubar da randa biyu. Katifa biyu sun tafi, da gefen akwati ɗaya.

Da yamma Bappa bai ja layi ba, ya aika a kira Adda Baraka. Aka sa zama ran Alhamis.

Ran Talata na karanta takardarka a bakin gidan waya. Da na zo kan dankalin sai na nemi benci. Shekara ashirin ba ka sa ƙafa a ɗakin matar nan ba. Kwatsam ka san igiyarta, ka san abin da take ci a ɓoye, da lokacin, da wurin. Me za ta ɗauka? Lissafinta daidai ne, akwai ido a ɗakin. Inda ta kuskure kawai shi ne ta rufe wanda ba shi ba. Wata uku ina zargin kai da Baraka da Bappa da direban tipa, ban taɓa duba hannun da ke riƙe da alƙalami ba.

Ran Alhamis an zauna a tsakar gida. Bappa ya kawo layukansa, Adda ta kawo batun gwangwani da ƙwaƙwalwa. Gogo na gefe, ta rufe kai. Da an bar shi haka, da yanzu tana Jimeta tana kallon risho. Sai na tashi da takardarka a hannu. Na ce layukan nan ashana ce da walda. Na ce kafin a kawo na'ura wutarta a fili take, a murhun da kowa ke gani, mu muka kora ta ƙurya. Na ce ƙwaƙwalwarta ta fi tamu, don ta gane ana kai rahotonta tun kafin ni in gane. Adda ta ce, "To wa ke kaiwa?" Na ce ni ce. Na karanta musu wurin da ka ambaci igiya da dankali, na juya shi da Fillanci don kada Gogo ta rasa kalma ɗaya.

Bappa ya yi ta shafa gemu, daga ƙarshe ya ce tunda kai ka ce rufi za a yi, a yi rufi. Gogo ta zauna a ɗakinta. Apollos ya zo ran Juma'a ya kwance kayansa, yana ta ba ta haƙuri. Ta ba shi goro. Jiya ta hura kara a murhunta na da, ta mayar da igiya, ɗan nesa da wuta, ita da kanta.

Ni ba ta yi mini magana ba sai yau da safe. Ta aiko in zo. Na durƙusa a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba.

Ta ce, "Har dankalin kika rubuta?"

Na ce, "Har shi, Gogo. Don in kare ki na yi."

Ta ce, "Har man shanun?"

Na ce, "Har shi."

Ta ce, "Ƙarfen nan bai ci tuwona ba. Ke kin ci shekara ashirin da biyu." Can ta ƙara da cewa Baraka ta wahala ta share ɗaki, bai kamata shara ta tafi a banza ba, kuma ya fi kusa da makarantata.

Na ce, "Gogo, in katifa ta sake kamawa, wa zai ji?"

Ta ce, "Wanda ya ji na shekara arba'in."

Saboda haka daga yau ka riƙa aiko takarda ta hannun Adda a Jimeta. Kar ka nemi dalla-dalla, na daina. In kana son sanin halin da take ciki, ka ɗauki hutu ka zo, ka zauna a zaure yadda ɗan fari ke yi, ka ji ƙaurin gidan da hancinka. Rufin kwano ba ya jin hayaƙi, kuma ɗakin da ke kusa da nata babu kowa yanzu.

A kan akwatina nake ƙarasa wannan, a ƙofar gida, kusa da bulonka. Ɗazu na koma in yi mata sallama. Tana zaune gaban murhu, ba mayafi, ta miƙe ƙafa. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ɗago ba. Na juya na yi taku uku, na ji ta tashi da gwiwar nan tata, ta tura ƙofa, ta sa sakata.

Ga motar Jimeta nan ta tsaya.

Asta